Sinadarin Riƙon Ciki da Mas'alolin Jinin Mata

Godiya ta tabbata ga Allah, Mai halittar ɗan Adam a cikin mahaifa mataki bayan mataki. Tsira da aminci su ƙara tabbata ga shugabanmu Annabi Muhammadu, da alayensa da sahabbansa, da waɗanda suka bi su da kyautatawa har zuwa ranar sakamako.

Bayan haka, ya ku ƴan'uwa Musulmi, a makonnin da suka gabata, cikin karatun Ahalari da muke yi tsakanin Magariba da Lisha a masallacinmu na nan Malbaza, mun iso fasalin haila. Kamar yadda aka saba, da an iso wannan wuri sai dattawa su sunkuyar da kai, samari su yi ta kallon tabarma, kowa yana jiran a wuce. Amma da aka watse sai aka riƙa biyo mu ɗaya bayan ɗaya har ƙofar gida. Wannan matarsa tana da ciki kuma tana ganin jini. Wancan matarsa ta yi allurar hutun haihuwa, wata biyar ba ta ga al'ada ba, tana tsoron azuminta. Wanda ya fi tsaya mana a rai wani magidanci ne, manomin albasa, wanda matarsa ta yi ɓari sau uku cikin shekara biyu, kowane kafin ciki ya cika wata uku. Mahaifiyarsa ta ce matar ba ta da riƙo, wasu suka ce namijin dare ne. A ciki na uku ya sayo allura a kasuwa wajen mai tallan magani, aka ce masa ta riƙon ciki ce, aka yi mata, cikin bai tsaya ba. Magana ta yi yawa a gida har matar ta koma wajen iyayenta. Ya ce mana: "Malam, in na sauwaƙe mata, na yi zalunci?"

Ba mu ba shi amsa a daren ba. Mun zauna da wani likita daga cikin masu salla tare da mu, da wata ungozomar asibiti, muka kuma duba abin da ya sauwaƙa na littattafan likitanci na Larabci, sai muka ga dukan tambayoyin nan suna komawa ga abu guda. Uwar Muminai A'isha (R.A.) ta yabi matan Ansar saboda kunya ba ta hana su neman sanin addini ba, don haka mu ma za mu faɗi abin a fili, da ladabi.

Mene ne wannan sinadari?

Ku sani, Allah ya yi mana muwafaƙa, a jikin ɗan Adam akwai wasu sinadarai waɗanda wata gaɓa take haɗawa ta zuba a cikin jini, jini ya kai su ga wata gaɓa mai nisa, su ba ta umurni. Likitoci suna kiransu homon, aikinsu kuwa aikin ɗan aike ne. Biyu daga cikinsu ne ke tafiyar da al'amarin haihuwa a jikin mace, watau estarojin da furojestaron. Na biyun nan shi ne darasinmu, kuma ma'anar sunansa a asali ita ce "domin ciki", shi ya sa muka kira shi sinadarin riƙon ciki.

A gefen mahaifa, dama da hagu, akwai ma'ajiyar ƙwai biyu, kowace kamar girman dabino. Ana haihuwar yarinya da ƙwayayenta duka a ciki, idan ta balaga sai su riƙa nuna ɗaya ɗaya, galibi guda a kowane wata. Mutanen ƙasar nan ba sa bukatar dogon misali, domin kowa ya san yadda ake shirya fangali kafin dashen albasa. Daga ranar da al'ada ta ɗauke, estarojin ne yake kaftu yana tayar da shimfiɗar cikin mahaifa har ta yi kauri. Idan ƙwai ya nuna ya fita, gurbin da ya bari ba ya zama kango. Yakan rikiɗe ya zama wani ɗan ƙullutu rawaya, wanda Larabawa ke kira al-jismul asfar, shi ne yake soma zubo furojestaron. Wannan kuwa shi ne ban ruwa da takin fangalin: yana tausasa shimfiɗar, ya cika ta da jijiyoyin jini da abinci, ya kaurara ruwan da ke bakin mahaifa, har zafin jikin mace yakan ɗan ƙaru da abin da bai wuce rabin digiri ba.

Ƙullutun nan yana da ajali, wajen kwana 14. Idan ba a sami shigar ciki ba sai ya yanƙwane, furojestaron ya faɗi, shimfiɗar da aka tanada ta rasa mai riƙe ta, ta saɓule ta fito tare da jini. Wannan ita ce haila. Ashe jinin al'ada shimfiɗa ce da aka yi wa baƙon da bai zo ba, aka naɗe ta domin a sake wata. Ku riƙe wannan da kyau, domin duk abin da zai biyo baya a kansa yake zaune: matuƙar sinadarin yana sama, shimfiɗa tana nan, idan ya faɗi, jini ya zo.

Mutane ba su daɗe da sanin wannan ba. A shekara ta 1903 wani likita Bajamushe mai suna Ludwig Fraenkel ya nuna cewa idan aka cire ƙullutun daga jikin zomanya mai sabon ciki, cikin yakan zube. A 1929 George Corner da Willard Allen a Amurka suka tatso ruwansa daga ma'ajiyar ƙwan aladu, suka riƙe cikin zomaye da shi. A 1934 aka tace sinadarin shi kaɗai, a 1935 aka daidaita a kan sunansa. Mun san kunnen wasu ya tashi da jin alade. Wancan gwajin farko ne. Tun shekarun 1940, bayan aikin wani masani Russell Marker a kan wata doyar daji ta ƙasar Meziko, daga tsirrai ake haɗa shi, doya da waken soya. Amma kada wani ya je ya cika matarsa da doya, domin hanjin mutum ba ya iya juya ta ta koma sinadarin, sai a masana'anta.

Idan ciki ya shiga

Idan maniyyi ya sadu da ƙwai, abin da aka haɗa yakan gangaro ta bututu zuwa mahaifa, ya nutse cikin shimfiɗar tsakanin kwana 6 zuwa 10. A nan akwai abin lura. Saura ƴan kwanaki ƙullutun ya mutu, in kuwa ya mutu shimfiɗa za ta tafi da abin da ke cikinta. Sai wannan ɗan abu, wanda ido da ƙyar yake ganinsa, ya aika da nasa ɗan aiken, wanda likitoci ke taƙaita sunansa da hCG, ya ce wa ƙullutun ya ci gaba da aiki. Wannan ɗan aike shi ne abin da tsinken gwajin fitsari yake ganowa. Ƙullutun yakan riƙe aikin har mabiyiya ta kafu ta karɓa, tsakanin mako na 7 zuwa na 10. A farkon shekarun 1970 likita Arpad Csapo ya tabbatar da haka a jikin mata: cire ƙullutun kafin mako na 7 yana jawo ɓari, bayan mabiyiya ta karɓi aiki kuwa ciki yana ci gaba. Zuwa ƙarshen ciki yawan sinadarin a jini yakan kai wajen ninki goma na abin da yake a kwanakin da ba ciki.

Alƙur'ani mai girma, a Suratul Muminuna da Suratul Mursalat, ya siffanta mahaifa da cewa matabbata ce amintacciya. Ba mu cikin masu ɗora kowace aya a kan abin da likitoci suka gano jiya, domin ilmin likita yana canzawa, Littafin Allah kuwa ba ya canzawa. Abin da muke cewa kawai, wannan sinadari yana cikin sabubban da Allah ya sanya na wannan aminci. Mahaifa tsoka ce mai ƙarfi wadda ɗabi'arta matsewa ce, shi ne yake kwantar da ita wata tara. Shi ne yake toshe bakinta da majina mai kauri domin ƙwayar cuta kada ta shiga. Yana kuma taimakawa wajen lallashin garkuwar jikin uwa domin kada ta ɗauki ɗan tayi a matsayin baƙon da za a kora, alhali rabinsa daga wani jiki ya zo.

Sai dai ba mahaifa kaɗai yake sassautawa ba. Yana sassauta hanji, sai bayan gida ya yi wuya. Yana sassauta bakin tumbi, sai ƙwannafi ya taso. Yana kawo barci da kasala, musamman a watannin farko. Magidancin da ya dawo daga garka ya tarar da mai ƙaramin ciki tana kwance da hantsi, tuwo bai sauka ba, ya sani ba ragwanci ba ne, aiki ne ake yi a jikinta wanda shi ba ya gani.

Ranar haihuwa, da mabiyiya ta faɗo, masana'antar sinadarin ta fita ke nan, sai ya faɗi warwas cikin ƴan kwanaki. Faɗuwar nan ita ce take buɗe wa nono hanya, shi ya sa ruwan nono sosai ba ya zuwa sai kwana na biyu ko na uku. Abin da ke fitowa kafin nan shi ne dakashi, wanda har yau ake matsewa a zubar a wasu gidajenmu da sunan ƙazanta, alhali shi ne abincin farko da rigakafin farko na jariri. Idan kuma aka ga maijego nononta ya ƙi kawowa, jini ya ƙi tsayawa, ga zazzaɓi, to a yi zaton wani yanki na mabiyiya ya maƙale, a kai ta asibiti a ranar.

Ɓari, da tambayar manomin albasa

Mu koma ga ɗan'uwanmu. Tun da mun ce furojestaron ne ke riƙe ciki, mai sauraro zai ce ai magana ta ƙare, mai ɓari sinadarinta ne ya gaza, a ƙara mata. Haka mai tallan magani ya fahimta, haka ma likitoci da yawa suka zata shekara da shekaru. Bincike bai ba su gaskiya ba sai a wani yanki ƙarami.

A duniya baki ɗaya, wajen 15 cikin 100 na cikin da aka san da shigarsa yana ƙarewa da ɓari, mafi yawa a wata uku na farko. Kusan rabin irin wannan ɓari na wuri, sababinsa tangarɗa ce a ƙirar ɗan tayin kansa tun daga ranar haɗuwa, watau irin ne bai yi kyau ba, fangalin lafiyarsa lau. A irin wannan hali sinadarin yana faɗuwa ne saboda ɗan tayin ya riga ya daina girma, faɗuwar alama ce ta abin da ya auku. Ko an zuba wa mace allura nawa, ba za ta rayar da abin da Allah bai ƙaddara wa rayuwa ba. To ku lura: ƙirar ɗan tayi rabi daga uwa take, rabi daga uba. Haɗarin ɓari yana ƙaruwa idan mace ba ta kai shekara 20 ba ko ta haura 35, yana kuma ƙaruwa idan namiji ya haura 40. Da wace hujja za a tattara laifin duka a ɗora wa ƴar mutane?

An yi manyan gwaje-gwaje biyu a kan wannan, galibi a ƙasar Ingila. A na farko, wanda aka bayyana a 2015, an ɗauki mata 836 masu yawan ɓari, aka ba rabi furojestaron tun farkon ciki, rabi aka ba su abin da ba magani a cikinsa. Ba a ga bambancin a zo a gani ba. Amma ga abin da muka karanta wa manomin har sau biyu: cikin waɗanda ba a ba komai ba, kowace ta yi ɓari uku ko fiye, 63 cikin 100 sun haifi ƴaƴansu rayayyu. A na biyu, na 2019, an ɗauki mata 4,153 a asibitoci 48, dukansu masu ganin jini a farkon ciki. A jimla bambancin kaɗan ne, 75 cikin 100 da 72 cikin 100. Sai dai ga waɗanda suke ganin jini kuma sun taɓa yin ɓari uku ko fiye, an sami 72 cikin 100 ga masu magani, 57 ga marasa shi. Saboda haka a 2021 hukumar tsara magani ta Ingila ta ba da shawarar a ba da shi ga macen da ta haɗa sharuɗɗan nan: tana zubar jini, ta taɓa ɓari, kuma hoton ciki ya nuna ɗan tayin yana cikin mahaifa. Wanda aka gwada ɗin ma matsi ne, ba allura ba. Wata tsohuwar allura ta dangin wannan sinadari, wadda aka daɗe ana yi wa masu ciki, hukumar magunguna ta Amurka ta janye izininta a 2023 saboda ba a tabbatar da amfaninta ba, a 2024 hukumar Turai ma ta nemi a dakatar da ita.

Sharaɗin hoton nan ba wasa ba ne. Wani cikin yakan maƙale a bututu bai iso mahaifa ba. Alamarsa ɗan jini, da ciwo a gefe ɗaya na mara, wani lokaci jiri ko suma. Idan aka tsaya ana allurar kasuwa, bututun yakan fashe, mace ta zubar da jini a cikin cikinta inda ba mai gani, kafin a sami mota rai ya yi halinsa.

A ƙasarmu kuma akwai sabubban da suka fi ƙarancin sinadari kusa da mu: zazzaɓin cizon sauro a damina da kaka, ƙarancin jini, hawan jini, ciwon suga, amosanin jini, da cututtukan da miji kan kawo gida kamar tunjere. Yawancinsu ana gano su a wajen awo, ana kuma maganinsu. Hukumar Lafiya ta Duniya tun 2016 ta ce a ga ma'aikacin lafiya sau 8 a ciki ɗaya, na farko kafin mako na 12, kuma daga wata na huɗu a riƙa shan ƙwayoyin rigakafin zazzaɓi aƙalla sau uku. A 2006 gwamnatin Nijar ta ɗauke wa mata kuɗin awon ciki. Ga CSI a kusa, ga asibitin gunduma a Ƙonni, ga asibitin Galmi a gabas da mu kan hanyar Madawa, wanda yake aiki tun 1950, ga cibiyar uwa da yaro a Tawa. Abin da ke hana mu galibi kunya ce: ƙaramin ciki ba a faɗinsa, na fari ma sai ya fito kowa ya gani. Watannin da ake ɓoyewa kuwa su ne watannin da ake ɓari. Ba mu hana rubutu da tofi da addu'a ba, mu kanmu muna yi. Annabi (S.A.W.) da ya koya mana addu'a shi ne ya umurce mu da neman magani.

Jinin mai ciki

A mazhabarmu ta Imamu Malik, jinin da mai ciki ta gani haila ne. Ahalari ya ba ta wajen kwana 15 bayan wata uku, da wajen kwana 20 bayan wata shida. Hanafawa da Hambalawa sun tafi a kan cewa mai ciki ba ta haila, jinin ciwo ne, tana salla. Bayanin likitoci ya fi kusa da magana ta biyu, domin sinadarin yana sama, shimfiɗa ba ta saɓule ba, don haka jinin daga wani wuri yake: barazanar ɓari, ko cikin bututu, ko a watannin ƙarshe mabiyiya ta tare ƙofa ko ta soma ɓanɓarewa.

Ba mu zo rushe mazhaba ba, wadda ta bar salla bisa faɗar malamanmu ba ta yi laifi ba. Abin da muke tsoro shi ne yadda ake fahimtar fatawar a cikin gida. Miji ya zo ya tambaya, a ce masa haila ce, ya koma ya ce wa matarsa malam ya ce ba komai. Malam bai ce ba komai ba. Malam ya faɗi hukuncin salla, bai duba mahaifa ba. Daga yau duk wanda ya kawo mana wannan tambaya, za mu fara tambayarsa ko an kai ta awo, sa'an nan mu buɗe littafi.

Masu allura da ashana

Allurar wata uku, da ƴar ƙaramar nan Sayana Press da ta shigo Nijar a 2014, da ashanar da ake sawa a dantse, duk ƙannen furojestaron ne da aka haɗa a masana'anta. Suna sa jiki ya zauna kamar akwai sinadarin kullum, sai bakin mahaifa ya toshe, ƙwai kuma galibi ya daina fita. Majalisar Fiƙihu ta ƙasashen Musulmi, a zamanta na Kuwait a watan Disamba na 1988, ta halatta wa ma'aurata tazarar haihuwa ta ɗan lokaci idan akwai bukata kuma sun yarda su biyu, ta hana kashe haihuwa gaba ɗaya ba da larura ba, ta kuma hana hukuma ƙayyade wa mutane yawan ƴaƴa. Wannan ba shi ne darasinmu ba, mun ambace shi ne domin jinin da ke biyo baya.

A watannin farko jini yakan rikice, ɗigo yau, tsarki gobe. Idan aka daɗe sai ya ɗauke, har wajen rabin masu allura ba sa ganin komai bayan shekara guda. Matanmu suna cewa jinin ya taru a ciki zai zama ƙari. Wanda ya riƙe abin da muka faɗa a farko ya san amsar: shimfiɗar ce ba a yi mai kauri ba, don haka babu abin naɗewa, babu abin da ya taru. Wadda ba ta ga jini ba mai tsarki ce, ta yi sallarta, ta azumci Ramadan duka, babu ramuwa a kanta.

Mai ɗigo kuwa, magabata sun taɓo irin mas'alarta. Shaihu Abdullahi al-Manufi, malamin Halilu mai Muhtasar, an tambaye shi game da jinin da magani ya jawo kafin lokacinsa, ya ga ba a lissafa shi a idda, ya dakata a kan salla da azumi, almajirinsa kuma ya karkata ga cewa ba ta barinsu. Abin da muke ba da fatawa da shi shi ne ta dubi kwanakin al'adarta da ta saba, ta harhaɗa ranakun jini idan yana yankewa, ta ƙara kwana uku na istizhari matuƙar ba ta wuce 15 ba. Abin da ya haura wannan jinin ciwo ne, ta yi wanka ta yi salla. A kuma faɗa wa miji tun wuri cewa bayan barin allura ciki yakan yi jinkiri, sau da yawa wajen wata 10 daga allurar ƙarshe, domin kada ya ce an kashe wa matarsa mahaifa.

Kwantaccen ciki

Saura mas'ala mai nauyi. Mace al'adarta ta ɗauke, ta ji alamun ciki, sa'an nan abu ya tsaya, sai a ce ciki ya kwanta, a zauna shekara biyu ko uku ana jiran ya tashi. Mashhurin mazhabarmu ya kai iyakar zaman ciki shekara huɗu ko biyar, Hanafawa suka ce biyu. Amma babu aya ko hadisi ingantacce da ya yanke wannan, labarun mata ne na zamaninsu malamai suka dogara da su. Muhammadu ɗan Abdul Hakam, Bamalike ne, ya ce shekara ɗaya. Ibnu Hazmin ya ce wata tara. Ibnu Rushdi a Bidayatul Mujtahid ya mayar da mas'alar ga al'ada da jarrabawa, ya ga maganar waɗannan biyun ta fi kusa da abin da aka saba. Dokar iyali ta Maroko, ƙasar Malikawa, ta tsaya a kan shekara ɗaya.

Jarrabawa a yau ta nuna ciki mako 40 ne daga al'adar ƙarshe, idan ya haura 42 mabiyiya takan soma gazawa, ran jariri ya shiga haɗari. Abin da ake kira kwantacce yakan zama ɗan tayin da ya mutu bai fito ba, ko ɗaukewar al'ada saboda shayarwa ko allura ko rikicewar sinadarai, ko ƙari a mahaifa, ko tsananin son haihuwa da ke sa jiki ya kwaikwayi ciki.

Duk da haka ba mu yarda a yi wa magabata dariya ba. Sun faɗaɗa wa'adin ne domin suturta mata, da tabbatar wa yaro uba, da tunkuɗe haddi da shubuha. Maƙwabtanmu sun ga amfaninsa: a ranar 25 ga Satumba 2003 Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Shari'a ta Katsina ta soke hukuncin jefewa da aka yanke wa Amina Lawal, kuma cikin dalilanta akwai yiwuwar cikin na tsohon mijinta ne bisa wannan wa'adi. Wannan aikin alƙali ne a zauren shari'a, inda ake neman kuɓutar da rai. A ɗakin mace kuwa, kuɓutar da rai shi ne a yi gwajin fitsari da hoton ciki a makon da aka yi shakka.

Amsar da muka ba manomin albasa ita ce saki halal ne a hannunsa, amma sakin mace saboda ɓari hukunta ta ne a kan abin da ba ta aikata ba, wanda mai yiwuwa rabinsa daga gare shi yake. Mun ce ya je biko da kansa, kuma kafin wani ciki su tafi asibiti su biyu a auna jininsu duka, nasa da nata. Ya amsa da "to", sai dai ya ce maganar tsohuwarsa ce mai wuya, ya roƙe mu mu je mu same ta. Mun je sau ɗaya, ta saurare mu, ba ta ce komai ba. Har ranar da muke wannan rubutu matar tana gidan iyayenta a wani ƙauye ta wajen Dogarawa.

Ranar Alhamis bayan La'asar ungozomar da ta taimaka mana za ta zauna da mata a makarantar Islamiyya, ba namiji a wurin, muna roƙon magidanta su ba iyalansu izini. Iddar macen da allura ta ɗauke wa al'ada, da jinin biƙi bayan ɓari, su ne darasinmu na fitowa ta gaba, in Allah ya kai mu.